Ranar Ɗauko Manaja

Tun da sassafe Baba ya share rumfar bayan kicin, ya wanke bokiti ya cika shi da ruwa, kamar jakin yana bakin ƙofa da ƙishirwa. Sannan ya sa rigarsa ta zuwa asibiti, wadda ita ce mai kyau a cikin rigunansa, ya naɗe sabuwar igiya a hannu, ya zauna a kan benci yana kallon titi.

'Yarsa, wadda unguwa ke kira Malama saboda tana koyarwa a sakandare, ta fito ta same shi a haka.

"Baba, ai direban ya ce sai rana ta ɗan ɗaga."

"Na ji, Uwata. Zama nake yi, ba jira ba."

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai yashi wuraren gini a bayan jaki. Rabin gidajen unguwar da yashinsa aka ɗora su, har da na mutanen da daga baya suka riƙa ƙorafin cewa kukan jaki na hana su barcin rana. Jakinsa na ƙarshe shi ne Manaja, wanda ya sami sunan saboda wata tsayuwa da yake yi yana kallon masu aiki ba tare da ya sa baki ba. Da manyan motoci suka ƙwace sana'ar, gwiwoyin Baba kuma suka ƙarasa abin da ya rage, Malama ta ce ya dawo gidanta, ɗakin da ke kusa da tankin ruwa. Ya ce ba inda za shi sai da jakin. Mijinta, ma'aikacin banki mai haƙuri, ya dubi tsakar gida, ya dubi motarsa, ya ce Allah ya sa alheri. Aka kafa rumfar kwano a bayan kicin, daidai tsawon jaki ɗaya in bai miƙe wuya ba.

A nan Manaja ya yi ritaya. Baba ya yi alkawarin ba zai ƙara ɗora masa ko tsinke ba, kuma ya cika. A daidai lokacin ne asibiti ya gano ciwon suga a jikin Baba, aka hana shi burodi da sukari da biskit, da duk abin da ke sa shayi ya amsa sunansa. Baba ba ya gardama da likita. Ba ya kuma zubar da abinci. Masu zuwa gaishe shi ba su daina kawo burodi da biskit ba, don ba su san wani abin da ake kai wa tsoho ba, shi kuma sai ya yi godiya, in sun tafi ya zagaya bayan kicin. Ga masara, ga dusa, ga sukari a tafin hannu bayan la'asar. Sugan Baba ya sauka, likitansa ya yaba masa a gaban sauran marasa lafiya.

Manaja kuwa ya yi ƙiba har kitsen wuyansa ya karkata gefe guda. Kofatansa, da babu sauran hanyar da za ta cinye su, suka yi tsawo suka lanƙwashe sama kamar tsohon takalmin da ya sha ruwa ya bushe a rana. Baba yana nuna wa baƙi shi da alfahari. Wata safiya jakin ya kwanta ya ƙi tashi. Malama ta nemo lambar wani gidan kula da jakuna da ke bayan gari, inda ake karɓar waɗanda suka tsufa ko suka ji ciwo, suka zo da mota suka ɗauke shi.

An daɗe. A tsakani aka yi wa Baba aikin yanar ido, aka hana shi shiga ƙura, bai sami zuwa dubiya ba. Malama ta huta da ƙudaje a kicin, kuma ba ta ɓoye wa kanta cewa ta ji daɗin hakan ba. Abin da ba ta ji daɗinsa ba shi ne kwanon Baba da ya fara dawowa da rabin abinci, da yadda ya mayar da kujerarsa gaban rumfar da babu kowa a ciki. Shi ya sa da likitar dabbobin ta kira ta ce jakin ya miƙe, su zo su gan shi su yi magana, Malama ba ta hana Baba kiran motar kaya ba. Shi bai ga abin da za a yi magana a kai ba. Jakinsa ya warke, sai a ɗauko shi.

Direban matashi ne mai surutu. Su uku suka matsu a gaba, Malama a tsakiya da jakarta a kan cinya.

"Baba, fasinjan naka dai ba ya amai a mota ko? Jiya na wanke ta."

"Ya fi ka tarbiyya."

"To madalla. Ni ban taɓa ɗauko jaki daga asibiti ba. Shi ma ana ba shi takardar sallama? A ce ya huta kwana kaza, kada ya ɗaga abu mai nauyi?"

"Ka kalli hanyarka, ɗan nan. Shi bai taɓa faɗawa rami ba."

Wurin ya fi yadda Malama ta zata girma, kuma ya fi makarantarsu tsabta. Dogayen rumfuna, shingayen ƙarfe, famfo a kowane lungu, warin busasshiyar ciyawa haɗe da na maganin wanke ƙasa. Jakuna ko'ina, yawancinsu da fararen tabo a gadon baya inda kaya ya ci fata gashi ya dawo da wani launi. Babu mai yin komai a cikinsu. Sun tsaya bibbiyu a inuwa suna kaɗa wutsiya, kamar tsofaffin ma'aikata a layin fansho da suka daina tambayar yaushe za a buɗe taga.

Likitar ta tare su a bakin ofis, mace ce siririya, da dogon takalmin roba da farar riga da ta daina zama fara. Ta rusuna ta gaida Baba, idonta ya sauka a kan aljihun rigarsa da ya kumbura.

"Baba, me muka kawo?"

"Tsaraba ce kawai."

"In gani."

Ya fito da ƙullin leda. Rabin burodi ne da biskit da ya farfashe a hanya. Ta karɓa da hannu biyu kamar ita aka kawo wa, ta ajiye a kan taga.

Malama ta ɗan matso kusa da ita ta rage murya. "Likita, maganar da muka yi a waya."

A wayar Malama ta roƙi likitar kada ta gaya wa tsohon abin da ya kwantar da jakin. Likitar ta girgiza kai a hankali.

"In zai koma da shi gida, dole ya sani, Malama. In ba haka ba za mu sake zuwa da mota, kuma wannan karon ba na jin zai tashi." Ta juya wajen Baba. "Ƙa'idar gidan nan, duk wanda zai fita da jaki sai mun zagaya da shi mun nuna masa yadda ake kula da shi. Bayan nan sai mu je wurin mutuminka."

"Ni za a koya wa jaki?"

"Kowa ma, Baba."

Ya dubi igiyar hannunsa, ya dubi 'yarsa. "To, a koya mini. In jarrabawa ce ma zan yi."

Ta fara kai su ɗakin abinci. Babu komai a ciki sai kara da busasshiyar ciyawa a ɗaure har rufi. Baba ya ɗebo, ya murza, ya sansana.

"Wannan ai abincin lokacin fari ne. Ina masarar?"

"Babu. Cikin jaki don irin wannan aka yi shi, ya yi ta tauna abin da ba shi da daɗi yini guda yana tafiya. In ya daina aiki kuma aka ƙara masa mai daɗi, ba ya tsayawa a ciki. Ƙafa yake sauka."

A wani ƙaramin ɗaki ta ɗaga hoton ƙashi ta kara a hasken taga. Kofaton Manaja ne, ranar da aka kawo shi. Ta nuna masa da bayan biro yadda akwai ƙashi a cikin kofato, da wani nama mai laushi da ke riƙe da shi. Zaƙi in ya yi yawa a jini, naman nan ke kumbura ya saki, ƙashin ya sunkuyo yana sukan tafin ƙafar daga ciki.

"Ka ɗauka mutum ne ake ɓamɓare masa farce, kuma aka ce ya tsaya a kan farcen."

Baba ya matso da sabon idonsa har hancinsa ya kusa taɓa hoton. Ya daɗe a haka.

"Zaƙi kika ce."

"Masara da yawa, burodi, sukari. Irin waɗannan."

Bai kalli tagar ofis inda ledarsa take ba. Malama ce ta kalla.

"Amma bai taɓa kuka ba," in ji Baba. "Ina zaune a gabansa kullum. Da ya yi kuka da na ji."

"Jaki ba ya faɗa, Baba. Doki in ƙaya ta soke shi sai duk gari ya ji. Jaki kuwa shiru zai yi ya tsaya. Ranar da ka ga ya kwanta, ya daɗe yana fama. Ba kai kaɗai ba ne. Akwai waɗanda duka ya kawo su nan, akwai waɗanda gata ya kawo su."

"Sai mu gode da ba a haɗa mu ɗaki ɗaya da masu duka ba," ya ce, ba tare da ya yi dariya ba.

Ta kai su wata rumfa da aka keɓe, inda wani jaki mai bandeji a ƙafa ke tsaye fuska ga bango. Ta ce su tsaya daga nesa su duba shi kawai.

"Me ka gani?"

"Jaki yana hutawa."

"Dubi kunnuwan."

Kunnuwan sun faɗi gefe da gefe, ba su bin motsin kowa. Ta nuna masa yadda kan ya sauka ƙasa da kafaɗa, yadda ƙofofin hancin suka tsuke, yadda fatar saman ido ta tattare. Sannan ta ɗebo ciyawa ta miƙa. Jakin ya sa baki a ciki, leɓɓansa suka yi motsi, amma da ta janye hannu ciyawar tana nan yadda take.

"Wannan shi ya fi ruɗar mutane. Yana yin kamar yana ci, don kada a gane. Ka wuce ka gan shi da baki a kwano ka ce lafiya lau."

"Kunne, kai, hanci, saman ido," in ji Baba, yana taɓa nasa ɗaya bayan ɗaya. "Da cin ƙarya."

"Haka ne."

Ya sake maimaitawa a ƙasan maƙoshi. Malama ta yi shekara da shekaru tana neman ɗalibi irin wannan ba ta samu ba, kuma yau da ta samu ta gwammace a ce bai gane ba.

Suka wuce wurin mai gyaran kofato, wani ƙaton mutum da ya maƙale ƙafar jaki tsakanin gwiwoyinsa yana goge ta da magagari. Ya nuna wa Baba yadda ake ɗaga ƙafa a ƙwaƙule datti kowace safiya, da yadda ake ɗora tafin hannu a ji ko kofaton ya yi zafi. Baba ya miƙa wa Malama igiyarsa, ya sunkuya don ya gwada. Gwiwarsa ta yi ƙara har jakin ya waiwayo. Ya ɗaga ƙafar dai, ya riƙe, gumi na tsattsafo masa, sai da mutumin ya ce ya isa.

"Ni zan riƙa yi kafin in tafi makaranta," in ji Malama.

"Ke da kike tsoron kaza."

"Kaza tana da baki mai tsini, Baba."

Aka nuna musu yadda ake duba dasashi, da turamen haƙora da ke yin kaifi in jaki ya tsufa har su yanke masa kumatu, da maganin tsutsar ciki. Baba ya yi tambaya a kan komai. Ya yi alkawarin zai zuba yashi mai laushi a rumfar saboda siminti na cutar ƙafar, ya ce wannan kam ba sai an koya masa ba. Ya ce duk baƙon da ya ƙara kawo burodi da kansa zai koma da shi. Da suka fito ya tsaya ya gyara hularsa.

"To, Likita, na ci ko na faɗi?"

"Ka ci, Baba."

"To a kai ni wurin jakina."

Filin na can ƙarshen gidan, an shimfiɗe shi da yashi. Baba ya gan shi tun daga nesa. Manaja ya rame, ramar lafiya, kofatansa sun koma siffar kofato, wuyan ne kawai ya ƙi miƙewa. Baba ya kama shingen ya yi masa ƙarar harshen da yake yi masa tun suna zuwa kogi. Kunnuwan suka miƙe tsaye. Jakin ya juyo ya taho, a hankali, yana zaɓen inda zai taka.

Ba shi kaɗai ya taho ba. Wata tsohuwar jaka, furfura ta cinye mata fuska, ta biyo shi hancinta manne da kwiɓinsa. In ya tsaya ta tsaya. Idanunta duka biyu sun yi fari fat.

Manaja ya iso ya tura hancinsa cikin aljihun Baba, ya sansana, bai sami komai ba, ya bar hancin a wurin. Baba ya riƙa shafa masa goshi yana magana ƙasa-ƙasa, maganar da ba ta Malama ba ce, don haka ta juya ta kalli famfo.

"Wannan kuma wace ce?" ya tambaya daga baya.

"Kaka muke ce mata. Bulo ta yi ta ɗauka har idon ya tafi. Ita ce maganar da na ce za mu yi." Likitar ta jingina da shingen. "Lokacin da aka kawo Manaja, abokin zamanta bai daɗe da mutuwa ba, ta daina cin abinci, mun fara cire rai. Shi kuma yana kwance ba ya iya tashi. Muka sa su rumfa ɗaya don babu wuri. Sai ta je ta tsaya a kansa. Ta koma ci, shi ma ya ci. Tun daga nan ko sikeli za mu hau da shi sai da ita a gefe."

"Allah ya saka mata. To sai ta yi haƙuri, yau za mu tafi."

"Jakuna in suka shaƙu haka, Baba, raba su ba ƙaramin abu ba ne. Ɗaya ko duka biyun sai su daina ci. Jaki kuma in ya kwana biyu bai ci ba, kitsen jikinsa ke narkewa ya cika jini, hanta ta gaza. Mai tsohuwar ƙiba irin Manaja shi ya fi shiga hatsari. Wasu muna ceto su. Da yawa ba ma iyawa."

"Kina nufin ba za ki ba ni shi ba."

"Naka ne. Ba ni da ikon hana ka. Shawarata dai, in za a ɗauka a ɗauki biyu, in za a bari a bar biyu."

Baba ya dubi 'yarsa. Malama ta shiga auna tsakar gidanta a zuci: motar maigida, tankin ruwa, matattakalar kicin, kwatar da ke bi ta tsakiya, igiyar shanya. Ta ɗora makauniyar jaka a ciki ta ga inda za ta fara karya ƙafa.

"Ko a fitar da motar waje," ta ce, muryarta ba ƙarfi. "Ko a rushe wajen wanki."

"Uwata, gidan mijinki ne, ba garke ba. Ɗayan ma kara ya yi mini." Ya juya wajen likitar. "Ni da shi mun tsufa tare. Ita jiya-jiya ya san ta. Zai manta."

Likitar ta buɗe masa ƙofar shingen.

Ya warware sabuwar igiyar. Manaja ya sunkuyar da kai ya shigar da shi da kansa, yadda ya saba. Baba ya ja, ya biyo. Likitar ta tare Kaka da jikinta har suka fita, ta mayar da ƙofar ta sa sakata.

Jakar ta miƙa hanci inda kwiɓin yake ta sami iska. Ta yi gaba ta bugi ƙarfen shingen, ta ja baya, ta fara juyawa a wuri ɗaya. Sannan ta yi kuka, wani irin kuka mai kama da tsohuwar ƙofa, da ba ya fita duka.

Manaja bai amsa ba. Bai ja igiya ba, bai turje ba. Ya bi Baba ta gaban ɗakin abinci, ta gaban mai gyaran kofato da ya dakata da aikinsa, har bakin ofis inda direban ya riga ya sauke ƙofar baya ya jingina katako.

"Ranka ya daɗe, Manaja, barka da sallama," in ji direban. "Ai kuwa Baba ka yi gaskiya, ya fi ni tarbiyya. Ko gardama babu."

Baba ya tsaya a gindin katakon don ya huta da gwiwa. Daga can ƙarshen gidan kukan bai tsaya ba. Ya juyo ya dubi jakinsa, ya daɗe yana dubansa. Akwai baro cike da ciyawa a gefen bango. Ya ɗebo ya miƙa masa. Manaja ya sa baki, leɓɓansa suka yi motsi a tafin hannun. Baba ya janye hannun ya duba abin da ke ciki.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Idon nan nawa sabo ne, ban gama yarda da shi ba. Duba mini kunnuwansa."

Malama ta duba. Ta san abin da zai faru in ta ce lafiyarsu ƙalau: za a hau katako, a koma gida, kwanon Baba ya riƙa dawowa wayam, na ɗan wani lokaci. Ta buɗe baki da niyyar faɗin hakan.

"Sun kwanta, Baba."

"Hancin fa?"

"Ya tsuke."

Ya gyaɗa kai. Ya zubar da ciyawar a baro, ya goge hannu a rigarsa mai kyau.

"Mayar da katakonka, ɗan nan."

Ya juya jakin. Da farko tare suke tafiya, kafaɗa da kafaɗa. Da suka wuce ɗakin abinci Manaja ya fara ɗaga ƙafa, igiyar ta miƙe, Baba ya ƙara sauri iya abin da gwiwa ta yarda. Bai isa ba. Wajen rumfar mai gyaran kofato ya buɗe hannu. Jakin ya ci gaba shi kaɗai, da ɗan ɗingishinsa, igiyar na jan ƙasa a bayansa, har ya isa shingen ya tura kai ta tsakanin ƙarafan. Kukan ya tsaya.

Baba ya zauna a kan wani juyayyen bokiti. Likitar ta shigar da jakin, ta kwance igiyar, ta kawo masa. Ya ce ta riƙe, za ta yi musu amfani.

"Likita, abu ɗaya. Ba ya shan ruwa in ana kallonsa. Sai an ajiye an juya baya."

Malama ta riga ta lura cewa a duk gidan, filin Manaja ne kaɗai aka sa wa kwamin ruwa a bayan wani ɗan bango.

"Na gode, Baba," in ji likitar. "Za mu kiyaye. Kuma ƙofar nan a buɗe take gare ka kowace rana. Ka zo ka zauna da shi yadda kake so."

"Da nisa."

"Zan riƙa kawo ka ranar da babu makaranta," in ji Malama.

"To."

Bai koma ya yi sallama ba. Ya ce an riga an yi.

A hanyar dawowa motar ta fi ƙara, saboda babu nauyi a baya. Direban ya kunna rediyo, ya saci kallon tsohon, ya kashe. Kusa da shiga gari suka tarar da cunkoso, suka tsaya a gefen wani amalanke da aka lafta wa buhunan siminti. Mai shi yana zaune a sama yana waya yana dariya. Jakin da ke ja yana tsaye cikin hayaƙin motoci, ba ya motsi, daidai tagar Baba.

Baba ya sauke gilashi ya leƙa. Malama ta ga idonsa na tafiya daga kunne zuwa hanci zuwa ƙafa.

"Bawan Allah," ya kira, "jakinka ba shi da lafiya."

Mutumin ya janye wayar daga kunne. "Wannan? Lafiyarsa ƙalau, Baba. Ko kuka ba ya yi."

Hanya ta buɗe, na baya suka fara matsa oda, direban ya sa giya. Baba ya juya wuya yana kallon amalanken har wata babbar mota ta shiga tsakaninsu. Gaba kaɗan ga wani jakin da jarkokin ruwa, bayansa ga wani.

"Uwata," ya ce, "mu yi canjin wuri. Ki dawo bakin taga."